iPhone ta hannu, sabuwar Tecno, kwamfuta ko PS4: amsa ga ɗalibin da ke da jika 200 a Tawa

Ƙanena, tambayarka ta iso. Ka ce kana karatu a Jami'ar Djibo Hamani nan Tawa, yayanka da ke bida a Abijan ya aiko maka jika 200 ka sayi abin da zai taimake ka, kuma tun daren da ka faɗi zancen a fada gardama ta ƙi mutuwa. Wani ya ce iPhone 11 ta hannu ko ba komai, wani ya ce Samsung, masu Tecno da Infinix suka ce duk yaudara ce, wani ya ce kwamfuta, ɗan autan fadar kuma ya ce ka sayi PS4 ka sa yara su riƙa biya suna buga ƙwallo. Kana son jin ta bakin mai gyara.

Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko, sannan in kawo dalili. Ka raba kuɗin gida biyu: kaso mafi girma ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai ƙwari, sauran ka sayi sabuwar wayar Android matsakaiciya. iPhone da PS4 su jira ranar da ka fara ɗaukar albashi.

Abokanka suna gardama ne a kan wace waya ta fi kyau a duniya. Mu da muke buɗe cikinta kullum, abin da muke tambaya daban ne: wacce za ta kai shekara uku a Adar, in ta lalace kuma a samu kayanta ba tare da an jira mai zuwa Dubai ba? Direban da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas ba ya zaɓen mota don kujerunta, yana zaɓen wadda in ta tsaya a Abalak zai samu bakanike da ya san ta da kayan da za a sa mata. Haka nake auna waya.

Abu uku ke kashe na'ura a garin nan: zafi, ƙura, da wutar Nijelek mai zuwa da tafiya. Zafin ne babba. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma zafin da ya wuce 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. To ka tuna watan Afrilu da Mayu a Tawa, inda digiri 40 ba labari ba ne ko a inuwa. Wannan ba ciwon iPhone kaɗai ba ne, duk batirin lithium haka yake, na Samsung da na Tecno da na itel. Bambancin yana wurin da kowace ta faro. Sabuwar Tecno Spark ko Infinix Hot tana zuwa da batir mai 5000 mAh wanda ba a taɓa caja ba. iPhone 11 ta fito a 2019 da batir mai kusan 3100 mAh, kuma wadda za a miƙo maka a kasuwa ta riga ta yi shekaru a aljihun wani a Amurka ko Turai. Apple ya ce batirin irin waɗannan an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji cikakke 500. Mai cajin waya kullum yana cinye wannan kafin shekara biyu. Kai kuma za ka ɗora mata zafin Adar a kai.

Da ka zauna a shagona rabin yini a bazara da ka ga abin da nake nufi. Za a kawo waya ekran ɗinta ya ɗago ta gefe ɗaya, mai ita ya ce faɗuwa ta yi. In na ɗumama gam ɗin na buɗe, sai in tarar batirin ne ya kumbura ya turo gilashin daga ciki, in ka danna shi da yatsa ya lotsa. In na tambaya, amsar kusan ɗaya ce: ana sa ta caji ana kallon bidiyo, ko an bar ta cikin akwatin moto da rana, ko ana kwana da ita ƙarƙashin matashi tana jone. Wasu kuma su zo da kukan waya ta daina karɓar caji, an ce musu sai an canza ƙasanta. In sa allura a ramin cajin in zaƙulo ƙurar hunturu da ta cure da zaren aljihu ta zama dunƙule, in hura, ta kama caji nan take.

Kada ka ɗauka ina raina iPhone. In ana maganar aikin hannu, ta fi su. Ƙwaƙwalwar da ke cikin iPhone 11 har yau ta fi ta yawancin sababbin wayoyin da ke wannan farashin sauri. Bidiyonta ya fi nasu tsabta da natsuwa, shi ya sa masu ɗaukar biki da ƴan TikTok ke binta. Apple yana daɗewa yana aiko mata sabuntawa: iOS 26 da ya fito a 2025 ya karɓi iPhone 11, ko da yake ya bar XR da XS na 2018 a baya, wanda ya sa 11 ta zama ta bakin layi tun daga lokacin. In ka tashi sayarwa kuma, ita ce ba ta zubar da kuɗinta da sauri. Duk wannan gaskiya ne, abokinka bai yi ƙarya ba.

Abin da bai faɗa maka ba shi ne, iPhone ta hannu caca ce, kuma mai sayarwa ya fi ka sanin kartar. Da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa an riga an buɗe su an canza musu ekran ko batir da na kasuwa kafin su iso. Akwai waɗanda aka kulle wa layin wani kamfanin Amurka, a manna musu ɗan siririn faranti a ƙarƙashin layinka don su kama rezo, ranar da ka sabunta wayar ko ka canza layi sai ta ƙi. Akwai kullen iCloud, wanda Apple ya shigo da shi tun 2013: in mai ita na farko bai cire asusunsa ba, ranar da aka goge wayar ta zama madubi, ba mai buɗe maka ita ta hanyar da za ta dawwama. In Face ID, wato buɗe waya da fuska, ya mutu, gyaransa ba na kowane shago ba ne, don an ɗaure kayan da uwar allon wayar. Sannan duk iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin layi sam, sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba. In ka ga irinta da rami, wani ne ya fafe ta ya dasa.

In zuciyarka ta nace sai ita, to kada ka biya sai ka yi wannan a gaban mai kayan. Shiga Réglages, Général, Informations. Dubi lambar samfurin: in ta fara da M an sayar da ita sabuwa ne tun asali, F kuma wadda Apple ya sake gyarawa, N wadda aka ba wani a madadin tasa. In ta ƙare da LL/A ta Amurka ce. A shafin nan dai za ka ga layin Verrouillage opérateur, dole ya nuna babu wani takunkumin layi. In an canza ekran ko batir da wanda ba na asali ba, sau da yawa nan za ta rubuta cewa ba ta san kayan ba. Buga *#06# ka gwada lambar shaidar wayar, wato IMEI, da wadda aka rubuta a jikin farantin sa layi. Sannan ka ce ya goge wayar gaba ɗaya, ta tashi daga farko, ka sa layinka ka kira wani. In ya fara cewa ai ba sai an yi haka ba, ka yi masa sallama. Lambar lafiyar batir kuwa kada ka dogara da ita ɗari bisa ɗari, akwai na'urar da ake mayar da ita 100 da ita.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a tunawa sai an kai waya gida. iPhone 11 da ake samu a nan yawanci ramin layi ɗaya gare ta, sai dai irin ta Sin da Hong Kong mai biyu. Kai kuwa ka san yadda muke: Airtel a nan, Moov ko Zamani a can, don in ka je ƙauye hutu wani rezon ne ke kamawa wani ya ɓace, kuma kowa yana farautar garaɓasar intanet. Ba ta karɓar katin memori, ba ta da rediyon FM, ramin abin sauraro kuma Apple ya cire shi tun iPhone 7 a 2016. In abokin karatunka ya ce zo in tura maka darasin da malam ya bayar, tsakanin Android da Android minti ɗaya ne, kai kuwa sai an yi ta dabara.

Nan ne Tecno da ƴan uwanta suka ci kasuwa, kuma ba da sa'a ba. Tecno, Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke Shenzhen a ƙasar Sin, don haka in ka ji mai Tecno da mai Infinix suna musu a fada, ƴan ɗaki ɗaya ne ke faɗa. Kamfanin ya zauna ya kalli yadda mutanen Afirka ke amfani da waya: layi biyu ko fiye, batir babba, lasifika mai ƙara, kyamarar da aka saita don baƙar fata ta fito da haske, da farashin da talaka zai iya. Da haka ya zama na ɗaya a sayar da waya a nahiyar. Ta fuskar aikina, ekran ɗinsu da ramin cajinsu da batirinsu ana samu a Tawa, in babu a nan akwai a Ƙonni ko Yamai, kuma kuɗin bai kai ya sa mutum ya haƙura da wayar ba.

Amma su ma suna da nasu wayon, kuma a kwali suke yin sa. Za ka ga an rubuta RAM 16, wato wurin da waya ke riƙe aikin da take kai, in ka duba da kyau 8+8 ne: takwas ɗin farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai na gasken sauri ko kusa ba. Za ka ga kyamara uku a baya, ɗaya ce ke aikin kirki. Za ka ga megapiksel 108, hoton dare kuma ya fito da dusa, don girman idon kyamarar da manhajar da ke sarrafa hoton su ne magana, ba yawan lambar ba. Suna zuwa da tarin manhajojin da ba ka nema ba da talla mai faɗowa. Ƙananan samfuransu ba sa daɗewa suna samun sabuntawa, kuma ranar da ka fito da ita daga kwali darajarta ta fara gangara. In za ka saya, ka tambayi sunan ƙwaƙwalwar da ke ciki kafin ka tambayi kyamara. Helio G99 ko abin da ya yi daidai da ita, RAM 6 ko 8 na gaske, ma'ajiya 128 GB, wannan zai riƙe ka har ka gama jami'a, har da eFootball da Free Fire in ba ka matsa mata ba. Masu RAM 2 ko 3, irin su Pop da Smart na ƙasa-ƙasa, na kira da WhatsApp ne, ka bar wa Inna.

Samsung tana tsakiya, kuma in kuɗin waya kaɗai ne da ita zan ce ka duba. Jerin Galaxy A yana da tsabtar manhaja, ga alƙawarin sabuntawa mai tsawo: A16 shekara shida aka yi mata alƙawari, S24 ta 2024 kuma bakwai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don manhajoji suna yin gaba su bar tsohuwar waya. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s da 6, mutane suka zo mana da wayoyi lafiyayyu ba abin da za mu iya yi musu. Inda Samsung ke cizo shi ne ekran. Na AMOLED yana da kyau a ido, ana ganinsa ko cikin rana, amma in ya fashe kuɗin na asali yakan kusa rabin kuɗin wayar, na manyan S masu lanƙwasar gefe kuwa ya fi haka. Shi ya sa ba na ba ɗalibi shawarar tsohuwar S ta hannu duk arharta. Ka kuma yi hattara da jabu, don Samsung da iPhone su ne aka fi kwaikwaya. Wanda ya ce zai ba ka S24 Ultra sabuwa fil a kuɗin Spark, kwali kawai yake sayar maka.

Yanzu dalilin da ya sa na ce kwamfuta ce za ta ci kaso mafi girma. Yayanka karatu ya ce. Rahoton horo, aikin rukuni, littafin ƙarshen karatu mai shafi hamsin ko fiye, lissafin Excel, duk za su zo, kuma ba a yin su da babban yatsa. Na sha ganin ɗalibai masu waya mai tsada suna layi a wurin masu buga takardu suna biya shafi-shafi, ko suna roƙon aron kwamfutar aboki daren da shi ma yake buƙatarta. Wanda ya iya Word da Excel da hannunsa kafin ya fita jami'a ya riga abokansa nisa wurin neman aiki, ko a ƙungiyoyi ko a ofis.

A nan ma akwai tarkon lamba. Mai shago zai ce maka ƙwaƙwalwarta Core i7 ce, ka ji daɗi. Tambaye shi zuriya ta nawa. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke faɗa (daga zuriya ta 10 zuwa sama, lambobi biyun farko): i7-4600U zuriya ta 4 ce, i5-8250U ta 8. Wannan i5 ɗin tana da zuciya huɗu, wato sassa huɗu masu aiki a lokaci ɗaya, waccan i7 ɗin biyu, don haka ƙaramar a suna ta fi babbar aiki nesa ba kusa ba. Ga wani dalilin kuma: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zuriya ta 8 ta Intel yake farawa. Ka nemi irin waɗanda kamfanonin Turai ke yi wa ma'aikata sayen sari su sake bayan ƴan shekaru: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude, HP EliteBook. An yi su don wahala, ana kwance su da sukurdireba, ana ƙara musu RAM, kayansu suna yawo a kasuwa. ThinkPad T480 ma batir biyu gare ta, na wajen ana zare shi a sa wani, abin da ke da rana in kuran ya ɗauke. Ka tabbata RAM 8 ne aƙalla, ma'ajiyar kuma SSD ce ba tsohon faifai mai juyawa ba. Tun da da Faransanci kake rubutu, dubi madannan: waɗanda suka zo daga Faransa AZERTY ne, da é da è da ç a wurinsu, na Amurka da Dubai QWERTY ne, za ka iya sabawa amma sai ka sha wuya makon farko. Ka cire cajar a gaban mai shago, ka kunna bidiyo, ka zauna ku yi hira rabin awa kana kallon yadda batirin ke sauka. Ka sa tafin hannu inda iska ke fita, in zafi kawai kake ji babu iska, ƙura ta toshe fankar.

MacBook kuwa, tun da M1 ta fito a 2020, na yarda babu kamarta wurin riƙe caji, kuma Air ɗin ba ta da fanka balle ta shaƙi ƙura. Sai dai kuɗinka bai kai ba, RAM da ma'ajiyarta a like suke ba a ƙarawa, in uwar allonta ta ƙone kuma sai Yamai ko waje.

Saura ɗan autanku da PS4. A gardamar PlayStation da Xbox, a nan Tawa babu dogon zance. PS4 ta fito a 2013, an sayar da fiye da miliyan 110 a duniya, don haka faifanta da manet ɗinta da masu gyaranta suna ko'ina, kuma wasan ƙwallon da yara ke so, wanda ya tashi daga FIFA ya koma FC a 2023, ya ci gaba da fitowa a kanta. Xbox Series S ta 2020 ta fi PS4 ƙarfi kuma ba ta da tsada, amma ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. Komai sai an sauke ta intanet, wasa ɗaya yana iya cin 50 GB ko fiye, kuma daɗinta yana cikin Game Pass, tsarin hayar wasanni da ake biya wata-wata da katin banki. Ka lissafa kuɗin 50 GB a layinka ka gani. PS5 ta fi su duka, tana buga yawancin wasannin PS4, amma tana jan wajen wat 200 in ana wasa, kuma ta fi ƙarfin jika 200.

Sana'ar kanta ba laifi ba ce, akwai masu ci da ita. Amma na'urar ce mafi arha a cikin lissafin. Sai talabijin, sai manet biyu da na ajiya don yara suna kashe sandar manet cikin ƴan watanni, sai regilater saboda hawa da saukar wuta, sai rumfa, sai wanda zai zauna yana karɓar kuɗi lokacin da kake aji. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, yaro ba zai biya ba, faifan cikin na'urar kuma yana iya samun matsala. Ka tuna yadda aka yi a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar: masu gidajen wasan da ba su da janareta ko sola zaman banza suka yi. PS4 ɗin da ake kawo mini daga irin waɗannan rumfunan, in na ɗaga murfin, ƙura ta yi kirtani a fankar har ba a ganin fukafukanta, shi ya sa take kuka tana kashe kanta. Wannan sana'ar mai zama a kanta ce, ba ta ɗalibi mai jarrabawa a gaba ba.

Ranar da za ka je sayayya, ka fara da kwamfutar, don ita ce ke buƙatar ido da ciniki, abin da ya rage shi zai faɗa maka wace waya za ka ɗauka. Ka tafi da wanda ya san kan abin, ka nemi a rubuta maka takardar sayayya da lambar na'urar da kwanakin da za ka iya mayarwa. Wayar ka karɓe ta a kwalinta a rufe, a buɗe a gabanka. Ka ware ƴan jikkuna tun kafin ka shiga kasuwa don gilashin kariya da riga da jakar kwamfuta mai zif, kuma cajar da ta zo da kowace na'ura ita za ka riƙa amfani da ita, kada ka bari ta shiga yawon aro a fada.